Wace laftof za a saya da jaka 180 wadda za ta jure zafin Garwa?

Maman Yara, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar masana nake nema. Laftof ake so ta gida: rubutu a Word, lissafin shago a Excel, taron bidiyo jefi-jefi, da aikin makarantar yara. Abin da ke hannu jaka 180 ne, wato sefa 180,000, har da caja. Biyu aka nuna mini. Ɗaya sabuwa fil a kwali, an rubuta Celeron N4020, RAM 4GB, ma'aji 64GB. Ɗayar ta hannu ce, HP, mai shago ya ce Core i7 ce. Wacce ta fi?

Mai Gyara, Garwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki biya ko ɗaya tukuna.

Sabuwar nan, ma'ajinta eMMC ne, irin na wayar salula, a manne yake a jikin bod. RAM ɗin ma, wato inda kwamfuta ke riƙe ayyukan da aka buɗe, galibi a manne yake, babu ramin ƙari. Windows 11 kaɗai, da sabuntawarsa, zai cinye kusan rabin 64GB ɗin. Ki buɗe Excel, ki buɗe shafi biyar a Chrome, ki shiga taron bidiyo, 4GB ya cika, sai ki danna abu ki zauna kina jira. Kuma ranar da ma'ajin ya gaji ba a cire shi a sa wani cikin sauƙi.

Ta hannun kuma, kalmar i7, sunan furosesa wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita kaɗai ba ta faɗi komai ba. Lambar da ke bin ta ake so. Idan kika ga i7-6600U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan: wannan zubi na 6 ne. i5-8350U zubi na 8. Daga zubi na 10 lambobi biyu na farko ake karantawa: i5-10210U zubi na 10, i5-1135G7 zubi na 11. Abin da ya sa wannan ya zama dole: i7 na laftof mai harafin U a zubi na 6 da na 7 cibiyar aiki biyu gare shi, shi kuwa i5 na zubi na 8 huɗu gare shi. Wato i5-8250U ya fi i7-7500U ƙarfi, ko da yake a kasuwa na biyun ake tsauwala wa kuɗi saboda sunan i7.

Abin da za ki nema: i5 zubi na 8 ko sama, RAM 8GB, SSD 256GB (ma'aji mai sauri wanda ba faifai mai juyi a cikinsa), daga layin kwamfutocin ofis. Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 5490, HP EliteBook 840 G5 ko G6. A 2018 da 2019 suka fito, kamfanoni a Turai da Amurka sun saya da yawa, shi ya sa batir ɗinsu da allonsu da fankarsu ba sa wuyar samu.

Ɗan Kuseri:
Malam Mai Gyara, ina da ja. Kullum ku masu gyara ta hannu kuke tura mutane, alhali kayan da ya yi shekara shida ko bakwai a hannun wani ba ka san abin da ya sha ba. Sabuwa tana da garanti na shekara, batirinta sabo ne, ba wanda ya taɓa kwance ta. Hajiya rubutu da lissafi ta ce, ba zanen gini ba. Me zai hana Celeron?

Mai Gyara, Garwa:
Maganarka ta batir gaskiya ce, Alhaji, kuma nan ne raunin ta hannu. Amma batir ana sake shi da sukurudireba cikin minti goma. RAM da aka manne ba a ƙara shi har abada. Ba sabunta nake ƙi ba. Da kuɗin sun kai a sayi sabuwa mai Core i3 zubi na 12 ko Ryzen 5 da SSD na gaske, ni ma ita zan ce. A wannan kuɗin ne sabuwar da ake samu ta kasance mafi rauni a layinta.

Garantin kuma, a tambayi mai shago tambaya ɗaya: idan bod ya mutu a wata na biyar, wa zai karɓa, a wane gari? Idan amsar ita ce sai an aika Duwala ko Dubai, to a lissafa kuɗin mota da watannin jira a ciki.

Ɗan Kuseri:
To na yarda da rabi. Amma a faɗa wa Hajiya gaskiya: ta hannu ba ta da daraja sai da takarda. A rubuta faktir, wato rasit, da sunan shago, da samfurin kwamfutar, da lambar siriyal da ke ƙasanta, da ranar saye, da yawan kwanakin gwaji. Mako biyu ne mafi ƙaranci da za a yarda da shi, wata ɗaya ya fi. Wanda ya ƙi rubuta lambar siriyal a bar masa kayansa. Takardar nan ita ce kuma hujjarki idan wata rana aka ce kayan sata ne, ko aka tambaye ki a shingen hanya.

Malamin Lise, Marwa:
Bari in ƙara dalilin da ya sa zubi na 8 ya zama iyaka, don kada a ɗauka son rai ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. An buɗe ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro ga wanda ya yi rajista, zuwa Oktoba 2026, amma wannan jinkiri ne kawai. Windows 11 kuwa yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro ne a cikin kwamfuta, da furosesa Intel daga zubi na 8, ko AMD Ryzen na laftof daga jerin 3000. Kwamfutar da ba ta kai nan ba za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai ramukan tsaron da ake ganowa ba za a riƙa toshe mata su ba. Ga mai shiga asusun banki ko mai ajiye lissafin shago, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A kula da wani tarko. T480 da Latitude 5490 da EliteBook 840 G5 duk an fitar da wasunsu da furosesa zubi na 7, irin su i5-7300U. Jiki ɗaya, suna ɗaya, ciki daban. Saboda haka sunan samfurin bai isa ba, sai an ga lambar furosesa da ido.

Ɗalibin Dang:
Malam, ai ana ɗora Windows 11 a kan zubi na 6 da na 7. Da manhajar Rufus ana cire sharaɗin TPM da na furosesa wajen haɗa filashin ɗora Windows. Shaguna da yawa haka suke yi.

Malamin Lise, Marwa:
Ana yi, ɗana, kuma shi ne ma abin da ya sa nake gargaɗi. Mai saye ya ga Windows 11 a allo, ya ɗauka kwamfutar ta cancanta. Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta ɗauki alkawarin sabuntawa ga irin waɗannan ba, kuma babbar sabuntawa ta shekara sau da yawa ba ta sauka da kanta, sai an sake ɗorawa da hannu. Kai da ka iya, ba damuwa. Gidan da ba mai iyawa, duk shekara sai an koma shago an biya.

Ɗalibin Dang:
Haka ne. Amma ga wanda kuɗinsa bai kai jaka 100 ba, kada ya ɗauka an rufe masa ƙofa. ThinkPad T470 ko Latitude zubi na 6 ko na 7, a sa SSD, a ɗora Linux Mint a maimakon Windows. Kyauta ne, yana samun sabuntawa, yana zuwa da LibreOffice da Firefox, kuma 8GB ya ishe shi sarai. Inda matsala take shi ne firinta da ba ta da direba, da fayil ɗin Excel mai makro, da manhajojin lissafi da Windows kaɗai suka sani. Ɗalibi mai rubutu da bincike zai ji daɗinsa. Ga Hajiya, tunda shago na ciki, Windows ɗin ya fi mata sauƙi.

Maman Yara, Garwa:
Na gode ƙwarai. An aiko mini da hoton ta hannun: EliteBook 840 G3, i7-6600U, 8GB, 500GB. Ke nan ta faɗi. To idan na sami irin wadda kuka ce, yaya zan gwada ta a shago? Ba na so in dogara da bakin mai sayarwa.

Mai Gyara, Garwa:
Ta faɗi, Hajiya, kuma 500GB ɗin nan kusan tabbas faifai mai juyi ne, ba SSD ba. Ki ware awa guda, ki tafi da filashi da abin sauraro na kunne da wanda ya ɗan san kwamfuta. Ga yadda ake bi.

Tun kafin a kunna, a ɗora ta a kan tebur mai shafe. Idan tana rawa, ko wurin linzamin yatsa ya ɗago sama, ko murfin ƙasa ya buɗe baki a gefe, batir ya kumbura a ciki. A buɗe allon a rufe sau biyar a hankali, ana kallon kusurwoyi biyu na baya. Ƙara, ko roba tana buɗewa, alamar mazaunin sukurorin hinji ya karye. A duba kan sukurorin ƙasa: idan sun cinye, an sha kwance ta.

Sai a kunna a shiga BIOS, shafin saitin kwamfutar kanta, kafin Windows ya tashi: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Abu uku ake nema a nan. Na farko, ta bari a shiga a canza abu ba tare da ta nemi kalmar sirri ba. Kwamfutar ofis da aka kulle BIOS ɗinta, a waɗannan zubin cire ƙaramin batirin bod ba ya buɗe ta, kada a saya ko an rage rabin kuɗi. Na biyu, sunan furosesa da yawan RAM. A nan ake karanta su, domin abin da Windows ke nunawa a shafin bayanin kwamfuta ana iya sauya rubutunsa. Na uku, lambar siriyal ta BIOS ta dace da ta jikin murfi. Idan sun bambanta, an sauya bod ko murfi, sai mai shago ya yi bayani. A Dell lambar haruffa bakwai ce, ana sa ta a shafin kamfanin a waya a ga ainihin kayan da ta fito da su.

Akwai gwajin da kamfanin ya gina a ciki: a Dell F12 sannan a zaɓi Diagnostics, a HP F2. Yana duba RAM da ma'aji da fanka da batir. A bar shi ya gama, kada a yarda a katse.

A cikin Windows, a danna Ctrl da Shift da Esc don buɗe Task Manager, a shiga Performance, a duba Disk: zai rubuta SSD ko HDD, wato faifai mai juyi. Sannan CrystalDiskInfo, ƙaramar manhaja ce ta kyauta da za ki zo da ita a filashi. Tana nuna lafiyar ma'ajin da awannin da ya yi yana aiki. Shuɗi lafiya, rawaya a sake shi kafin a biya.

Batir: a nemi cmd a wurin bincike na Windows, a buɗe a rubuta powercfg /batteryreport, a buɗe fayil ɗin da ya fitar. Lamba biyu za a kwatanta, Design Capacity da Full Charge Capacity. Na 840 G5 wajen 50Wh ne yana sabo. Idan yanzu 40Wh yake ɗauka, kashi 80 cikin ɗari ke nan, ya yi. Ƙasa da kashi 60, a cire kuɗin sabon batir daga farashi. Bayan haka a zare caja a kunna bidiyo minti goma sha biyar ana kallon kason. Wanda ya faɗo daga 70 zuwa 30 a tsalle ɗaya, ƙwayar cikinsa ta mutu, ko rahoton ya ce me.

Saura ƙanana, amma kada a tsallake: a buɗe Notepad a danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, a sa filashi a kowane rami, a gwada kyamara da makirfo da lasifika, a haɗa Wi-Fi da wayarki, a cika allo da fari sannan da baƙi a nemi ɗigo ko tabo ko layi. A girgiza kan caja a raminsa a hankali, idan cajin yana ɗaukewa yana dawowa, ramin ya saki.

Akanta, Ngawundere:
Yaya Mai Gyara ya gama magana, sai abu biyu da mai Excel zai ji a jikinsa. Allon waɗannan samfuran galibi iri biyu ne: 1366x768 da 1920x1080. A na farko ginshiƙai kaɗan ake gani, kullum ana ja gefe, kuma idan aka ɗan karkata launi ya wanke. A duba a Settings, sashen Display, a nemi na biyun. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne, bambancin aiki da yawa.

Sannan idan shigar da lambobi ya fi yawa a aikin, waɗanda aka ambata masu inci 14 ne, ba su da madannan lissafi na gefen dama. 'Yan'uwansu masu inci 15.6 suna da su: ThinkPad T580, Latitude 5590, EliteBook 850 G5. Sun fi nauyi, amma kwamfutar da za ta zauna a gida da shago nauyi bai dame ta ba. In ba haka ba, a sayi ɗan madannin lambobi na USB.

Hajiya, ki guji mai allon taɓawa. Yana ƙara cin batir, yana ƙyalli a haske, kuma idan yaro ya fasa shi kuɗin sauyawa ya fi na allon gama-gari nesa.

Malamin Lise, Marwa:
Ba a taɓo madannai ba, kuma a wajenmu babbar magana ce. Kayan da suka biyo ta Faransa ko Beljiyam AZERTY ne. Waɗanda suka shigo ta Mubi ko Kano ko Dubai yawanci QWERTY ne. Na Jamus QWERTZ, Z da Y sun yi musanya. Yaran da ke karatu da Faransanci, AZERTY suke tararwa a ɗakin kwamfuta na makaranta, kuma é da è da ç da à suna kansa kai tsaye. Idan don su ne, AZERTY ya fi.

Amma kada a bar kwamfuta mai lafiya saboda madannai kaɗai. A QWERTY ana ƙara tsarin United States-International a saitin harshe: alamar ɗauri (') sannan e ta ba da é, ita ce kuma da c ta ba da ç. Kwana biyu hannu ya saba. Windows yana da tsarin madannan Hausa ma, mai ɓ da ɗ da ƙ, ana ƙara shi a wuri guda, ana sauyawa da madannin Windows da Space.

Abin da ba na so shi ne sitika. Wasu shaguna suna manna haruffan AZERTY a kan QWERTY su sayar a matsayin na Faransa. A shafa da farce, za a ji bakin takardar. A zafinmu gam ɗin yana narkewa, haruffa su zame, madannai su yi danƙo. Kuma siffar ba ɗaya ba ce: na Turai Enter ɗinsa dogo ne mai lanƙwasa, da ƙarin madanni kusa da Shift na hagu, na Amurka Enter ɗinsa a kwance yake.

Injiniya, Njamena:
Duk kun yi maganar saye. Ni abin da ke kashe ta bayan an saya zan faɗa, domin daga Garwa zuwa Marwa zuwa Kuseri da nan Njamena ciwon ɗaya ne: zafi, ƙura, wuta.

Yawancin laftof an ƙera su ne su yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna haura 40. Ga ƙurar hunturu da fanka ta kwashe wata uku tana zuƙa. Idan aka buɗe murfin ƙasa aka ɗaga fanka, tsakaninta da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke fita za a tarar da ƙura ta dunƙule ta zama kamar guntun bargo, ja-ja, ana ɗago ta da hantsaki a yanki ɗaya. Fanka tana ihu, iska ba ta fita, furosesa ya kusa digiri 100, sai ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Mai ita ya ce ta tsufa ko ta kamu da bairos, alhali numfashi ne ya toshe.

Lokacin shara shi ne ƙarshen Fabrairu, bayan hazo kafin bazara ta kankama, sannan a maimaita bayan wata shida. A kashe, a zare caja, a buɗe ƙasa, a cire igiyar batir daga bod kafin a taɓa komai. A riƙe fanka da yatsa lokacin hura iska, kada a bar ta tana juyawa da ƙarfi. Buroshi mai laushi ya isa. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, a kwamfutar 2018 ya riga ya bushe ya zama kamar alli. A goge shi da alkol na isopropil, a sa sabo kamar ƙwayar shinkafa, a ɗaure sukurori bisa lambobin da aka rubuta a jikinsu, kaɗan-kaɗan. A nemi mai shago ya yi wannan kafin a karɓa. Da manhajar HWiNFO, mai nuna zafin furosesa, ake duba sakamako: tana zaune ba aiki, digiri 45 zuwa 55 daidai ne a yanayinmu, tana aiki mai nauyi kada ta zauna sama da 90.

Kada a ɗora ta a katifa ko darduma ko cinya, ramukan shan iska a ƙasa suke. Ko faranti mai faɗi aka kifa ya fi, a ɗan ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu. Kada a bar ta cikin mota a rana. Mai yawo da ita a babur kuma, wannan wani dalili ne na SSD: faifai mai juyi yana da allura a ciki, gargadar hanya tana lalata shi, musamman idan ba a kashe kwamfutar gaba ɗaya ba.

Maman Yara, Garwa:
Injiniya, wutar fa? A unguwarmu tana yawan ɗaukewa, wani lokaci janareto ake tayarwa. Sai na sayi regilata?

Injiniya, Njamena:
Ba dole ba ne, Hajiya. Ki karanta jikin caja, za ki ga 100-240V. Wutarmu 220 ce, ko ta faɗo zuwa 160 caja ta asali tana aiki. Abin da ke ƙona ta shi ne tsallen wuta lokacin da aka dawo da ita, da lokacin tayar da janareto, da tsawa a damina. Dokar mai sauƙi ce: wuta ta ɗauke, a zare caja daga bango, ta dawo, a jira minti biyu ko uku, hadari ya taso, a zare. Soket mai kariyar tsalle yana taimakawa, amma na gaske, ba mai ɗan jan fitila kawai ba.

Cajar kanta ita ce inda ake cutar mutane. Ta asali tana da nauyi a hannu, rubutunta a fili, ta jabu kamar kwalin ashana. A dace da lambobi: Dell da HP 19.5V, Lenovo 20V, 65W ya wadatar da duk waɗanda aka ambata. A bakin cajar Dell akwai siririyar allura a tsakiya da kwamfutar ke gane caja da ita. Idan ta karye, ko cajar jabu ce, kwamfutar za ta kunnu amma batir ba zai yi caji ba, kuma za ta rage gudu sosai. A BIOS, wurin bayanin batir, za a ga ta rubuta 65W ko ta ce ba ta san cajar ba. Kayan da suka fito ta Najeriya suna zuwa da fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa. A sayi igiyar bango mai ƙafa zagayayyu irin tamu, ya fi adafta mai rawa da ke tartsatsi.

Lissafin batir: aikin rubutu da haske matsakaici yana cin wat 8 zuwa 10. Batir mai 40Wh ke nan awa huɗu zuwa biyar. Taron bidiyo yana kusan ninka cin. A nan T480 ta yi fice: batir biyu gare ta, na ciki 24Wh da na waje da ake zarewa da hannu, kuma na wajen akwai mai 72Wh. Ga unguwar da wuta ke wuni ba ta zo ba, wannan ya fi kowane ado.

Gidan da ke da sola kuma, ba sai an bi ta inbata ba. Akwai cajar mota mai karɓar 12V ta ba da USB-C 65W, a haɗa ta da batirin sola da fis a tsakani. Inbata tana cin wuta ko ba a ɗora mata komai ba. Fawa bank ma yana yi, in dai an rubuta PD 65W ko aƙalla 45W a jikinsa. Mai 20,000mAh wajen 74Wh ne a takarda, bayan asara zai cika laftof sau ɗaya da ɗan ƙari.

Ɗalibin Dang:
Tunda an ambaci T480, a sani cewa da USB-C take caji, kuma tana cikin samfuran da Lenovo ta fitar wa gyaran manhajar Thunderbolt saboda matsalar da ke lalata wannan ramin a hankali. A shago a gwada caji a ramukan USB-C ɗin duka biyu. Bayan saye a sa Lenovo Vantage a sauke sabuntawar BIOS da ta Thunderbolt, caja a jone, batir a cike, kada a yi lokacin da wuta ke wasa.

A cikin Vantage ɗin akwai inda ake tsayar da caji a kashi 80. Dell da HP suna da irinsa a BIOS. Batirin da ke zaune a 100 cikin zafi shi ne ke saurin kumbura.

Ɗan Kuseri:
Tambaya ga masu gyara. Ana kawo wasu da arha, an ce lafiyarsu ƙalau, amma da an sake Windows aka haɗa intanet sai su nuna sunan wani kamfani na waje su nemi a shiga da asusunsa. Wannan fa?

Mai Gyara, Garwa:
Wannan kamfanin da ya yi amfani da ita bai cire ta daga rajistarsa ba, Alhaji. Lambar jikinta tana ajiye a wajen Microsoft da sunansu, duk sanda aka ɗora sabon Windows ta ga intanet sai ta koma gida. Sake ma'aji ba ya warkar da shi. Shi ya sa gwaji mafi inganci shi ne a sake Windows a gaban mai saye, da intanet a haɗe, har a kai ga allon aiki. A duba BIOS kuma ko Absolute, wanda a da ake kira Computrace, yana kunne. In yana kunne, a bar ta.

Sake Windows ɗin yana da wani amfanin. Wanda shago ya ɗora yawanci cike yake da manhajojin da aka fasa, an kashe Windows Defender don su zauna. A haɗa filashi mai 8GB da kayan aikin Microsoft na hukuma, saukewar tana cin wajen 6GB, a yi ta inda akwai Wi-Fi. Kwamfutocin ofis lasisinsu yana cikin bod, da ta ga intanet Windows zai karɓi lasisin da kansa, ba a sayen komai. Idan Windows ya kulle ma'aji da BitLocker, a rubuta mabuɗin nan mai lamba 48 a takarda a adana, domin ranar da aka taɓa BIOS ko aka sauya bod zai nema, in babu shi fayilolin sun tafi.

Akanta, Ngawundere:
Ga mai amfani da datar waya, MTN ko Orange a nan, Airtel ko Moov a Cadi: a shiga saitin Wi-Fi ɗin wayar a kwamfuta a kunna Metered connection. In ba haka ba Windows zai shanye datar wata a dare ɗaya da sabuntawa. Amma sau ɗaya a wata a nemi Wi-Fi a bar shi ya sabunta.

A buɗe wa yara asusu nasu daban, wanda ba na mai iko ba, don kada su ɗora abin da suka ga dama ko su goge fayil ɗin shago. Lissafin kuma duk Juma'a a kwafe shi a filashi da ba ya kwana a jikin kwamfutar. SSD ba ya ba da sanarwa kamar tsohon faifai da ke fara ƙara, rana ɗaya yake ɗaukewa.

Maman Yara, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Wani shagon yana da Latitude 5490, i5-8350U, allo 1920x1080, AZERTY, RAM 8GB, amma HDD 500GB ne a ciki. Ya ce zai sa SSD 128GB kyauta, ko 256GB in ƙara kuɗi, ko kuma ya ƙara RAM zuwa 16GB. Wanne zan zaɓa?

Mai Gyara, Garwa:
SSD 256GB, Hajiya. 128GB zai cika kafin shekara da hotuna da bidiyon yara, kuma SSD da ya cika maƙil gudunsa yana raguwa. RAM zai iya jira: 5490 ramuka biyu gare ta, a duba a Task Manager a tabbatar 8GB ɗin guda ɗaya ne, ɗaya ramin a buɗe. Duk ranar da kuɗi suka samu a ƙara wani 8GB DDR4 na laftof, mai gudun 2400 ko sama. DDR3 ba ya shiga, tsagar bakinsu ba wuri ɗaya take ba, kada a tilasta.

Ki ga kwalin SSD ɗin kafin a sa, sunan da aka sani irin Samsung, Crucial, Kingston ko WD, sannan CrystalDiskInfo ya nuna suna iri ɗaya da awanni kusan sifili idan an ce sabo ne. Tsohon HDD ɗin naki ne, kada a bar shi a shago. A saya masa ɗan gida na USB mai inci 2.5 ya zama wurin kwafin lissafi. Batirin 5490 kala uku ne, 42Wh da 51Wh da 68Wh, kuma mai 68 ɗin dogo ne, yana cin wurin faifan inci 2.5. Tunda HDD ke ciki, ɗaya daga ƙananan biyun ne. Idan kina son babban batir nan gaba, ki ce a sa SSD irin M.2 tun yanzu, siririn nan mai kama da cingam, don wurin ya zauna a buɗe. Ki turo hoton rahoton batir da na shafin BIOS kafin ki miƙa kuɗi, za mu duba.